Mai gida ba shi da ikon fitar maka da kaya

Malam, ka ce a Ringim mai gidan da kake haya ya ba ka kwana 3 ka tashi, har yana barazanar cire ƙofa. Wallahi abin ya dame ni. Doka ba ta ba shi wannan ikon ba. In duk shekara kake biya, kuma ba ku rubuta wani wa'adi daban ba, sai ya ba ka notis na wata 6 a rubuce. Mai biya wata-wata, wata 1. Bayan nan akwai na kwana 7, sannan kotu, ita ce kaɗai ke fitar da mutum. Adana rasit ɗinka. Fara kai maganar wurin mai unguwa, galibi a nan ake sasantawa.