Amsa kan Joy Division: faifai biyu kacal, amma ba a manta da su ba

Malam, ka tambaya me ya sa ake ta ambaton ƙungiyar mawaƙan nan ta Joy Division alhali ba su daɗe ba. Gaskiya ne, shekara huɗu kawai suka yi. An kafa ƙungiyar a Salford, kusa da Manchester a Ingila, a 1976, da farko da sunan Warsaw. Faifai biyu suka yi da kamfanin Factory: Unknown Pleasures a 1979 da Closer a 1980.

Ka sa kunne sosai a kan jitar bas ta Peter Hook. Wajen sauran mawaƙa ita ke bin baya, a nan kuwa ita ke jan waƙar. Martin Hannett, wanda ya haɗa sautin, ya bar fili tsakanin gangunan har ka ji kamar a ɗakin da babu kowa ake kaɗa su. A ganina nan ne asirin, kuma mawaƙa da yawa da suka zo bayansu sun kwaikwaya.

Mawaƙinsu Ian Curtis yana fama da farfaɗiya, har a kan dandamali takan buge shi. Ya kashe kansa ranar 18 ga Mayu 1980 yana ɗan shekara 23, ana shirin tafiyarsu Amurka ta farko. Sauran ukun suka ci gaba da sunan New Order. Ka fara da faifan 1979.