Na gama karatu amma ban san abin da nake so ba

Ɗan'uwa, ka ce ka gama hidimar ƙasa amma har yau ba ka san sana'ar da ranka ke so ba. Zama a ɗaki kana tunani ba zai gaya maka ba. Ni lissafin kuɗi na karanta, sai zaman shagon wani abokina a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya nuna min gyaran waya ne ke sa ni mance da abincin rana.

Zaɓi abu biyu, ka ba kowanne wata 3 a gaban mai gida, ko ba a biyanka. Lura da wanda kake komawa washegari ko ya ba ka wahala. Ka yi istihara, sannan ka tambayi mahaifiyarka abin da ka fi maƙale wa kana yaro.