Wane ƙwaron gashi zan ɗaura wa kifin Kogin Wharfe?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mutumin Jimeta ne, a bakin Binuwai na tashi ina fatsa da tana. Aiki ya kawo ni Leeds a Ingila, wani abokin aikina ya kai ni Kogin Wharfe, inda ake kama kifin tirawut da ƙwaron da aka ɗaura da gashin tsuntsu a jikin ƙugiya. Na sayi sanda da igiya, na karɓi lasisi, jifa ma na iya daidai gwargwado. Amma ƙwarin da ke kanti ba su ƙirguwa, kowanne da sunansa. Na sayi talatin, fita huɗu kifi ɗaya na kama. Wanne zan zaɓa? Yaya zan fara ɗaura nawa? In na zo gida hutu, za su yi mini aiki a Binuwai?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka sake buɗe akwatin nan, ga aikin da nake so ka yi ranar da ka koma Wharfe. Jingine sandar a gaɓa. Shiga inda ruwa ke gudu a kan tsakuwa, wurin da bai wuce ƙwauri ba, ka ɗago dutse kamar girman tafin hannu ka juya shi. Za ka ga 'yan halittu suna tsere a jikinsa. Wasu shafaffu ne, sun manne kamar kaska. Wasu sirara ne masu jela uku, launin ƙasa ko kore mai duhu, tsawonsu bai fi farcen ƙaramin yatsa ba. Za ka kuma ga 'yan bututu na yashi da tsinke, in ka jira kaɗan tsutsa ta leƙo daga ciki. Tuwon kifin ke nan na safe da na dare. To sai ka buɗe akwatin, ka ɗora ƙwarinka ɗaya bayan ɗaya kusa da abin da ke kan dutsen. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ina kyautata zaton za ka tarar yawancin abin da ka saya sun ninka na gaskiyan girma.

Duk wanda ya taso da tana, idonsa kan raina ƙaramar ƙugiya. A wannan sana'a kuwa lamba tana hawa ƙugiya tana ƙanƙancewa: lamba 10 babba ce, 16 ƙarama, 20 da ƙyar za ka zura mata zare. A koguna irin Wharfe, mafi yawan aikinka tsakanin 14 da 18 yake. Kifi bai san sunan da aka rubuta a kanti ba. Abin da yake dubawa shi ne girman abin, da zurfin da yake tafiya, da ko yana tafiya yadda ruwa ya ɗauko shi. Launi yana da nasa tasiri, amma shi ne na ƙarshe a sahu. Na sha ganin mutum ya canza ƙwaro sau goma a sa'a guda, alhali igiyarsa ce ke jan ƙwaron yana tsaga ruwa kamar kwalekwale, ga shi kuma ya yi tsaye ƙiƙam a gaɓa inuwarsa ta faɗa kan ruwa. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Zurfin kuwa kifin ne da kansa zai gaya maka. Ƙwarin nan masu jela uku suna shafe watanni a ƙarƙashin ruwa, wasu shekara, wani babba daga cikinsu da ke fitowa ƙarshen Mayu ma yakan yi shekara biyu cikin laka, sannan su taso su fasa fata su yi fiffike, su rayu kwana ɗaya ko biyu. Saboda haka in ba ka ga motsi a saman ruwa ba, kifi na ƙasa yana kiwo, ka sa mai nutsewa. In ka ga ruwa ya kumbura ba tare da baki ya fito ba, yana tsintar waɗanda ke tasowa ne dab da sama. In ka ga ɗan zobe a hankali da ɗan kumfa a tsakiya, daga saman ruwa ya tsotsa. In kuma da yamma ka ji fantsama, galibi masu gidan yashin nan ne suka yi fiffike suna guje-guje a kan ruwa, shi kuma yana kai musu wawura.

Da iri huɗu za ka iya cinye kaka guda, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba. Na ƙasa shi ne Pheasant Tail, lamba 14 da 16, wasu da ɗan ƙwallon ƙarfe a ka don ruwa mai ƙarfi. Na tsakiya Partridge and Orange, wanda asalinsa ma ɗan yankin da kake ne, masuntan Yorkshire sun fi shekara ɗari suna kama kifi da shi. Na sama Adams, mai ruwan toka, wanda Leonard Halladay ya fara ɗaurawa a jihar Michigan ta Amurka a 1922. Bai yi kama da wani ƙwaro guda sak ba, amma ya ɗan yi kama da kowanne, shi ya sa har yau bai tsufa ba. Na yamma kuma Elk Hair Caddis na Al Troth, mai fiffiken gashin wata irin barewa, gashin da ke da iska a cikinsa, ba ya saurin nutsewa. Waɗannan biyun na sama ka ci gaba da saye tukuna, don gashin wuyan zakara mai kyau da ake ɗaura su da shi yana da tsada, kuma daidaita shi sai hannu ya faɗa. Na ƙasa da na tsakiya su za ka fara ɗaurawa.

Ka fara da Pheasant Tail, kuma ka ɗaura shi yadda mai shi ya ɗaura. Frank Sawyer a zamaninsa mai kula da kogi ne a Avon, a Wiltshire, ya shafe rayuwarsa yana leƙen abin da ke cikin ruwa. Ya lura cewa tsutsar nan mai jela uku in tana iyo takan naɗe ƙafafunta a jiki, don haka bai yi wa nasa ƙafa ba. Bai kuma sa zare ba ko kaɗan. Abu biyu ne kawai: siririyar wayar tagulla, da zaruruwan gashin jelar namijin fezan, wani tsuntsun daji ɗan'uwan zabo mai doguwar jela ja-ja. Wayar ita ce zaren, ita ce kuma nauyin da ke nutsar da shi. Ni daga naɗin cikin tsohuwar fanka nake warware tawa, wadda kaurinta bai fi gashin doki ba.

Kayan aikin ba su da yawa: ɗan ƙarfen da ke damƙe ƙugiya a bakin tebur, almakashi mai tsini, filaya, da fitila mai haske. Da farko ka sa filaya ka danne ɗan haƙorin da ke bayan tsinin ƙugiya, domin kifin da za ka saka ya tafi ba rauni, kuma ƙungiyoyin masu fatsa da dama sun wajabta haka. Ɗauki lamba 14. Fara naɗa waya daga bayan idon ƙugiya, ka bar ɗan fili kamar faɗin idon kansa. Wannan filin shi ne kowane sabon hannu ke cinyewa, daga baya ya rasa inda zai ƙulle. Naɗa gaba, naɗa baya, har ka tara ɗan tozo a kashi ɗaya cikin uku na gaba, shi ne ƙirjin. Wuce da wayar zuwa inda ƙugiya ta fara lanƙwasa. Yanko zaruruwa huɗu na gashin, daidaita tsininsu, ka ɗaure su a nan da naɗi biyu, tsinin ya leƙa baya kamar milimita uku, shi ne jela. Yanzu ka murɗa gashin da wayar tare kamar mai tufka, ka naɗa su gaba, naɗi na bin naɗi, jikin yana siriri a baya yana ɗan kauri a gaba, har bayan ido. A nan ka raba su. Mayar da wayar bayan tozon, ka kwanto gashin baya ta samansa ka ɗaure, ka sake kawo wayar gaba, ka kwanto gashin gaba ka ɗaure. Wannan ninkin shi ne jakar fiffike, ɗan duhun da kifi ke hange a gadon bayan tsutsar da ta kusa fashewa. Ƙulli uku a bayan ido, ka karya wayar da murɗawa don kada ka dakushe almakashi, ka ɗiga ɗan man farce marar launi.

Na farko zai fito da ƙiba. Kada ka tsallaka zuwa wani iri. Ka ɗaura goma sha biyu a zama biyu ko uku, ka jera su a kan farar takarda bisa yadda suka zo. Tsakanin na ɗaya da na goma za ka ga hannunka ya koyi rowa, kuma rowar ce ake nema. Ka jefa ɗaya cikin kofin gilashi da ruwa: in ya nutse nan take da kai, ya yi. A kogi kuma, jefa shi sama da inda kake zaton kifi, ka bar ruwa ya kawo shi, in ya iso gabansa ka ɗaga sandar a hankali. Tasowar nan ita ce ke sa kifin da ya yi biris ya kai cafka. Dabarar Sawyer ce ita ma.

Partridge and Orange ya fi wannan sauƙi, amma ya fi shi tona asirin mai cika hannu. Zaren siliki ruwan lemo ne a jiki, bai ma kai lanƙwasa ba, sai gashin bayan makwarwa mai ɗigo-ɗigo a wuya, naɗi ɗaya da rabi. In ka ɗaga shi a haske ya kamata ka iya ƙirga zaruruwan. Laushinsu ne ke numfashi cikin ruwa kamar ƙafafun ƙwaron da ya kasa tashi; in ka cika su sai su dunƙule, ran ya fita. A Afrilu, wajen azahar, lokacin da wani ƙwaro mai jela uku, kore mai duhu, ke fasa fata yana yin fiffike, ba ni da abin da na fi yarda da shi a wannan kogi.

Batun gida kuwa, a nan lissafi ya canza, don manyan kifayen Binuwai 'yan'uwansu suke ci. Kawara da karfasa za su iya ɗaukar ƙananan ƙwarinka, musamman farkon damina in shinge ya faɗa ruwa. Amma tsage da giwan ruwa sai abin da ya yi kama da ɗan kifi. A Kogin Faro na arewacin Kamaru, wanda ke zuba cikin Binuwai kusa da iyakar Najeriya, masu irin wannan fatsa kan zo daga ƙasashe da rani, su kama tsage da rana, giwan ruwa kuma da dare da ƙwaro mai tsawon taƙi. Sandar tirawut ɗinka ba za ta ɗauki giwan ruwa ba, kada ka gwada. Ga tsage matsakaici, ka koyi Clouser Minnow na Bob Clouser: idanu biyu na ƙarfe a gadon bayan ƙugiya don ta riƙa tafiya tsini sama, farin gashi a ciki, mai duhu a baya. Kayan ma suna tsakar gida: gashin zabo, jelar zakara, gashin talotalo mai laushi. Ka wanke su da sabulu, ka shanya, ka sa a firiza kwana biyu saboda ƙuma. Ƙugiyar ta zama mai kauri da kaifi, don bakin tsage ƙashi ne, kuma tsakanin ƙwaro da igiya ka sa waya kamar tsawon yatsa biyu. In babu ita, cizon farko zai tafi da ƙwaron, ka janyo igiya yankakka kamar an sa reza.