Yadda tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Landan ta zama unguwar bankuna

Tambaya: Wani mai karatu ya rubuto yana cewa ya ji labarin unguwar Canary Wharf da ke Landan, wai da can tashar jiragen ruwa ce. Yana son sanin abin da ya kai bankuna wurin.

Amsa: Haka ne, malam. Wurin yana gabashin Landan a bakin kogin Thames, kuma nan ne tashar West India da aka buɗe a 1802, inda ake sauke sukari da sauran hajoji daga yankin Karibiyan. Sunan kansa ya samo asali ne daga 'ya'yan itatuwan da ake kawowa daga tsibiran Canary. Zuwan kwantena ne ya kashe tashar, domin manyan jiragen da ke ɗaukarsu ba sa iya shigowa can ciki, sai harka ta koma Tilbury, wata tashar da ke can gaba a kogin kusa da teku, aka rufe tashar West India a 1980.

A 1981 gwamnatin Margaret Thatcher ta kafa hukuma ta musamman don farfaɗo da yankin, aka kuma yi wa masu zuba jari rangwamen haraji. Da aka sassauta dokokin kasuwar hannun jari a 1986, bankuna suka shiga neman manyan zauruka masu ɗaukar ɗaruruwan dillalai da kwamfutocinsu, abin da ke da wuyar samu a tsohuwar cibiyar birnin mai matsattsun tituna. Kamfanin Olympia & York na Kanada ya fara gini a 1988, ya kammala benen One Canada Square mai tsayin mita 235 a 1991, amma a 1992 ya karye.

A ganina, wannan karayar ce ta fi cancantar nazari. Tattalin arziki ya ja baya a lokacin, sai dai babbar matsalar ita ce sufuri, domin ƙaramin jirgin ƙasan da aka buɗe a 1987 bai isa ya kwashi dubban ma'aikata kowace safiya ba. Sai da layin Jubilee na jirgin ƙarƙashin ƙasa ya iso a 1999 sannan unguwar ta tsaya da ƙafarta, bankuna irin su HSBC da Barclays suka mayar da hedikwatarsu can. Layin Elizabeth ya biyo baya a 2022.

Abin da ke damuna shi ne makomar mutanen asali. Ayyukan da suka zo ba irin na 'yan dakon da suka rasa sana'arsu ba ne, kuma gundumar Tower Hamlets, wadda benayen ke cikinta, tana cikin wuraren da talaucin yara ya fi tsanani a Birtaniya.