Mita kafin kwamfuta

Ka tambaye ni, ɗana, me ya kashe Arduino ɗinka, ɗan allon lantarkin nan da ake rubuta wa umarni, da ka jona masa farantin sola, alhali umarnin da ka rubuta masa a kwamfuta ba kuskure ko ɗaya. Na yarda, rubutunka lafiya ƙalau. A wajen jona waya aka yi ɓarnar.

Farantin nan da ake cewa na bolt 12 ne, in ka ɗora masa mitar auna wuta da tsakar rana ba abin da ke jan wuta daga gare shi, sai ka ga 20, har 22. Ita kuwa 'yar ƙwaƙwalwar da ke kan Arduino Uno, wato ATmega328P, ƙafarta bolt 5 aka yi ta ta ɗauka. Jiya da na shinshina allon, warin ƙuna ne ya fara ba ni amsa, tun ban ɗauko mita ba.

Gyaran ba wuya. Resista biyu, wato 'yan kayan da ke rage gudun wuta, a jere, mai om 47,000 da mai 10,000, sai ka ja waya daga tsakaninsu zuwa A0, wato ƙafar allon da ke karanta bolt, baƙar wayar farantin kuma ta haɗu da ta allon. Wannan 22 ɗin za ta sauko ƙasa da 4. A cikin rubutunka sai ka ninka bolt ɗin da Arduino ya karanto da 5.7, ka samu na farantin. Dokar Ohm ce ta 1827, wadda ake koya muku a Jami'ar Bayero.

Amma ga inda nake so ka natsu, don binciken naka ya burge ni ƙwarai. Kana son sanin yawan ƙarfin da ƙurar hunturu ke rage wa faranti. Bolt ba zai gaya maka ba. Faranti ya yi buɗu-buɗu, bolt ɗinsa kaɗan yake motsi. Amfiya, wato yawan wutar da ke gudana, ita ce ke faɗuwa, ita za ka auna. Ka samo faranti biyu iri ɗaya, ka jera su a kan rufi, ɗaya kana goge shi kullum da safe, ɗayan ko taɓa shi kada ka yi. Ka riƙa rubuta zafin ranar ma, don zafi shi ma yana rage bolt, ga Afrilun Kano da ke haura digiri 40.

Gobe ka biya Sabon Gari ka sayo resistocin. In ka zo, mu auna da mita tukuna, sannan in nuna maka riƙon ƙarfen dalma, don na lura hannunka yana ɗan rawa.