Bindigar gado da ɓarawon dare: me doka ta ba ka, me ta hana ka?

Tambaya: Barista, ina zaune a wata unguwa da ke bayan gari. A daminar nan ɓarayi suka haura mana katanga, suka tafi da babur da awaki, maƙwabcina da ya fito kawo ɗauki kuma suka sare shi a kafaɗa. Mahaifina ya rasu bara, ya bar bindigar farauta mai baki biyu, takardar lasisinta na nan da sunansa. In suka dawo na harbi ɗaya ya mutu, me doka za ta yi da ni?

Amsa: Malam, Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya ba maƙwabcinka lafiya. Tambayarka ɗaya ce a wurinka, amma a gaban alƙali gida biyu za a raba ta. Za a tambaya ko kana da haƙƙin yin harbin, sannan a tambaya ko kana da izinin riƙe bindigar. Mutum na iya kuɓuta a ta farko, ta biyun ta kai shi gidan yari.

Haƙƙin kare kai tabbatacce ne. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowa haƙƙin rayuwa, shi ne kuma ya ce ba a tauye haƙƙin wanda ya mutu sakamakon ƙarfin da aka yi amfani da shi daidai buƙata wajen kare wani daga farmaki ko kare dukiya ba. Dokar Final Kod, wato kundin hukunta laifuka da Arewa ke aiki da shi tun 1960, ta fayyace wannan daga sashe na 59 zuwa na 67. Wasu jihohi, kamar Kaduna a 2017, sun sake rubuta tasu, lambobin sassan sun canza, jihohin da ke da kundin Shari'a su ma suna da nasu, amma jigon maganar bai canza ba. Addini ma bai ce ka naɗe hannu ba, hadisin nan da ya ce wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne kowa ya san shi.

Yaushe ne kariyar ke iya kaiwa ga kisa? Sashe na 65 na Final Kod ya ce idan abin da ke gabanka zai sa mai hankali ya ji tsoron mutuwa ko mummunan rauni, ko fyaɗe, ko sace mutum. Sashe na 66 ya kawo na dukiya: fashi, fasa gida da dare, cinna wa gidan da mutane ke zaune wuta, da kuma sata ko kutse cikin gida a yanayin da ake tsoron rasa rai ko mummunan rauni. Dare a nan daga faɗuwar rana ne zuwa fitowarta. Mutanen da suka taɓa sarar maƙwabcinka, in suka ɓalle maka ƙofa ƙarfe 2 na dare da adduna a hannu, iyalinka na bayanka, doka ba ta ce ka tsaya sai sun fara sara ba.

Sai dai akwai sassa biyu da lauyan gwamnati zai riƙe, kuma a kansu shari'ar za ta tsaya. Sashe na 62 ya ce kada cutarwar ta wuce abin da kariyar ke buƙata. Sashe na 63 ya ce babu haƙƙin kare kai inda akwai lokacin neman ɗaukin hukuma. Na biyun bai cika ba ni tsoro ba a irin halin da kake ciki, domin wanda ɓarawo ke tsakar gidansa, ofishin 'yan sanda kuma na can cikin gari, ba shi da wani lokaci. Na farkon ne ke kayar da mutane.

Haƙƙin nan yana farawa da haɗari, yana ƙarewa da ƙarewarsa, kuma tsakanin biyun wani lokaci daƙiƙu ne. Ɓarawon da ya nufo ɗakin matarka da makami daban, shi ɗin dai bayan ya ji ƙarar harbi ya juya ya kama katanga zai dira waje daban. Likitan da zai duba gawa zai rubuta inda harsashi ya shiga, ƙirji ne ko gadon baya. Ɗan sanda zai rubuta inda aka tarar da jini, bakin ƙofar ɗaki ne, soro ne, ko lungun bayan gida. Za a ƙirga kwanson harsashi. Harbi na biyu a kan wanda ya riga ya faɗi yana nishi ramuwa ce a idon kotu, komai zafin abin da ya yi maka. Haka nan wanda aka kama aka ɗaure, unguwa ta taru a kansa da sanduna har ya cika, duk wanda ya sa hannu za a iya tuhumarsa da kisa.

Shari'ar Sunday Jackson ta Adamawa ta nuna yadda kotunanmu ke tsananta wannan. Manomi ne da wani makiyayi ya kai wa hari da wuƙa a gona, suka yi kokawa, ya ƙwace wuƙar ya daɓa masa har ya mutu. Babbar kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Maris na 2025, bisa hujjar cewa da ya ƙwace wuƙar haɗarin ya kau, yana da damar gudu. Lauyoyi da yawa ba su gamsu ba, ni ma ban gamsu ba, don mai kokawar ceton ransa ba shi da sukunin auna abubuwa kamar wanda ke zaune yana karanta fayil. Daga baya gwamnan jihar ya yi masa afuwa, bayan ya shafe kimanin shekara goma a tsare. Hujjar mutumin da ke cikin gidansa ta fi ta wanda ke fili ƙarfi, don ba wanda zai ce ya gudu ya bar 'ya'yansa a ɗaki. Amma tambayar nan ta ko haɗari ya riga ya kau, kai ma za a yi maka ita.

Idan kotu ta ga da gaske kare kanka kake yi amma ka zarce iyaka, ba tare da ka ƙulla niyyar kisa tun farko ba, sashe na 222 na Final Kod na iya sauko da laifin daga mai hukuncin kisa zuwa wanda ake ɗauri a kansa, ɗaurin kuwa na iya kaiwa rai da rai. Shi ya sa nake roƙonka ka daina faɗa a majalisa cewa duk wanda ya sake shigowa sai gawarsa. Waɗanda suka ji za a iya kiransu shaida.

Bindigar kuwa, a nan matsalarka ta riga ta fara tun ɓarawo bai dawo ba. Lasisi na mutum ne, ba ya shiga rabon gado. Dokar bindigogi ta 1959 ta ba magaji kwana 14 kacal bayan rasuwar mai lasisi, daga nan riƙe ta ya zama laifi. Dokar ta kasa bindigogi uku. Akwai haramtattu, irin su bindigogin soja, masu sarrafa kansu da fistol, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, riƙe su kuma ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Akwai na farauta irin ta mahaifinka, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, rashinsa na iya jawo ɗaurin shekara 5. Sai bindigar toka, wadda Kwamishinan 'yan sandan jiha ke da ikon hana riƙe ta ba lasisi. Masu gabatar da ƙara kuma sukan zaɓi su tuhumi mutum da dokar fashi da makami ta 1984, wadda ta tanadi tara ko ɗaurin shekara 10 ko duka biyun a kan mallakar bindiga ba izini. Rashin lasisi ba ya soke haƙƙinka na kare kai, amma tuhuma ce mai zaman kanta, kuma tana ɓata maka fuska a gaban alƙali tun ba a fara sauraron labarinka ba.

Na san za ka ce ai gwamnoni da kansu sun ce a tashi a kare kai. An yi haka. A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi bindiga, rundunar 'yan sanda ta ce ba a ɗage takunkumin ba da lasisi ba. A watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sabbin lasisi. Harkar makamai ta gwamnatin tarayya ce, jawabin gwamna a rediyo ba zai zama maka hujja a kotu ba. Yana yi mini ciwo in faɗa wa mutumin da hukuma ta kasa tsare wa gida cewa ya rabu da abin da yake jin zai kare shi. Amma in na ce maka ka ajiye ta a ƙarƙashin gado, na tura ka ga ɗaurin da ba ya buƙatar ka harbi kowa, tsegumin maƙwabci ɗaya ya isa.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka samu lauya ya rubuta wa Kwamishinan 'yan sandan jiharku, a haɗa da shaidar rasuwar mahaifinka da tsohon lasisin, a miƙa bindigar ajiya, a karɓo takardar shaida mai ɗauke da lambarta. Kada ka saɓa ta a kafaɗa ka nufi caji ofis kai kaɗai, tunda wa'adin ya riga ya wuce. A wasiƙar lauyan nan ka nemi lasisi da sunanka, za su gaya maka ko ƙofa a buɗe take yanzu. Dokar ba ta ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Ka kai rahoton satar da aka yi muku da saran maƙwabcinka a rubuce, ka riƙe kwafi, don shi ne zai nuna wa kotu gobe cewa tsoronka yana da tushe. Ku zauna da mai unguwa a kan sintirin da 'yan sanda suka san da shi, a gyara ƙofa da katanga, a sa fitila.

In kuma ƙaddara ta sa wani ya ji rauni ko ya mutu a gidanka, da bindiga ko da wani abu, ka kira 'yan sanda da kanka. Mai sauran numfashi a kai shi asibiti, wata dokar tarayya ta 2017 ta wajabta wa asibitoci karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Kada a ja gawa daga waje zuwa ciki, kada a ajiye mata adda a gefe, kada a wanke jini. Irin wannan gyaran da 'yan'uwa ke yi da niyyar taimako shi ke mayar da mai gaskiya maƙaryaci. Za a tsare ka, ka sa wannan a ranka, kuma belin tuhumar kisa sai babbar kotu, yayin da fayil ke jiran shawarar ma'aikatar shari'a. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ba ka damar yin shiru har sai ka ga lauya. Ka yi amfani da ita, domin mai cewa kare kaina na yi ya riga ya amsa cewa shi ya yi kisan, saura yadda aka yi, kuma kowace kalma ta bayanin farko za a karanta ta a kotu. In ba ka da kuɗin lauya, ka ce a sanar da Hukumar Ba da Agajin Shari'a, kuma kada ka sa hannu ko ka dangwala a kan takardar da ba a karanta maka da Hausa ba.