Amsa ga mai son karanta injiniyancin hanya a Birtish Kolumbiya

Assalamu alaikum ƙanena. Ka ce ka kammala digirin farko a fannin injiniyancin hanyoyi da gadoji, kana neman gurbin digiri na biyu a Kanada, amma wani ya karya maka gwiwa da cewa ƙasa irin wannan ta riga ta gama shimfiɗa hanyoyinta. Wanda ya faɗa maka haka bai san lardin Birtish Kolumbiya ba, inda nake zaune, domin a nan tsaunuka da dusar ƙanƙara da ruwa ba su taɓa barin aikin hanya ya ƙare ba.

Zinariya ce ta jawo babbar hanya ta farko. A 1862 Gwamna James Douglas ya sa aka fara hanyar keken doki ta Cariboo daga garin Yale, sojojin injiniya na Ingila da 'yan kwangila suka yi ta fasa duwatsun kwazazzabon kogin Fraser, inda babu wurin taka ƙafa kuma suka jera gumagumai a jikin dutse suka ɗora hanyar a kai. Ta isa Barkerville, garin masu haƙar zinariya, a 1865, ta bar gwamnati cikin bashi mai nauyi. A 1942 sojojin Amurka suka keta hanyar Alaska daga Dawson Creek cikin 'yan watanni. A waɗannan shekarun Yaƙin Duniya na Biyu ne aka tsare 'yan Kanada masu asalin Japan, aka tura wasunsu aikin hanyar Hope zuwa Princeton wadda aka buɗe a 1949, zaluncin da ya kamata duk mai bin hanyar ya sani.

Wurin da nake so ka karanta sosai shi ne mashigar Rogers da ke tsakanin tsaunuka, inda Firaminista John Diefenbaker ya ƙaddamar da hanyar da ta ratsa Kanada daga gabas zuwa yamma a 1962. Dusar ƙanƙara tana taruwa a saman tsaunuka, ta zaftaro da ƙarfin da zai binne babbar mota, saboda haka aka gina rumfunan kankare a kan titi domin ta wuce ta sama. Wannan ma bai wadatar ba. Kowane hunturu sojojin Kanada suna zuwa da igwa, a rufe hanya, su harbi gangaren tsauni domin dusar ta zubo kafin ta yi yawa. Idan ka bi ta nan za ka ga dandamalin kankare da ake kafa igwar a gefen titi, wani lokaci kuma ka tarar da manyan motoci a jere, direbobi suna jiran a gama harbi a share hanya.

Hanyar Coquihalla, wadda aka buɗe ɓangarenta na farko a 1986 daga Hope zuwa Merritt, ita ce amsa mafi kusa ga tambayarka. A watan Nuwamban 2021 ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya lalata ta a wurare fiye da 20, ya karya gadoji, har aka yi kwanaki babu hanyar mota tsakanin Vancouver da sauran ƙasar ta cikin Kanada. An buɗe ta ga manyan motoci a ƙarshen Disamba, amma gyara na dindindin ya ci shekaru, domin sai da aka sake tsara gadojin yadda za su jure ambaliyar da ta fi ta da.

Shawarata ita ce ka karkata karatunka ga ilimin ƙasa da duwatsu da gudun ruwa, domin a ganina nan ne ake buƙatar hannu, ka kuma san cewa illar da daskarewar ruwa ke yi wa kwalta sabon darasi ne gare ka. Digiri kaɗai ba zai ba ka damar kiran kanka injiniya a lardin nan ba. Sai hukumar da ke ba injiniyoyi lasisi a lardin, wato Engineers and Geoscientists BC, ta tantance takardunka, ka yi shekaru 4 kana aiki ana duba ƙwarewarka, ka ci jarrabawar doka da ɗa'ar aiki. Kada kuma ka kafa ido a kan Vancouver kaɗai, inda kuɗin haya ke cinye albashi. Ka duba Kamloops da Prince George, inda ma'aikatar sufuri ta lardi take da manyan ofisoshi. Ka aiko mini da jerin darussan da ka yi mu duba su tare kafin ka biya kuɗin neman gurbi.